Yadda Indo Sakka Ta Yi wa Mota Aikin Jirgi

Sakka, Masse, Tenri, ku matso nan ku zauna. Ke Tenri miƙa wa mijinki jaririn ya zagaya da shi. Kai kuma Masse kife wayar nan, ba wanda zai mutu a can birnin Samarinda kafin in gama magana. Tun shekaranjiya da kuka sauka nake ganinku kuna satar kallon abin da aka lulluɓe da tamfol a gindin mangwaro, kuna zungurin juna, an rasa mai ƙarfin halin tambaya. To yau za ku ji. Labarin wata mata ce a garin nan, ana ce mata Indo Sakka, wato uwar Sakka a yarenmu. Ku daina dubana haka. Ba ni kaɗai na haifi Sakka a ƙasar Bugis ba.

Ita wannan Indo Sakka shekara arba'in ta yi tana sa wa kifi gishiri tana shanyawa. Ba ta taɓa zama a aji ba. A jikin buhunan gishiri ta koyi haɗa baƙi. Ta shinshina kifi sau ɗaya za ta faɗa maka ranar da aka kama shi, ta kuma faɗa maka ko mai jirgin ya yi rowar ƙanƙara. A nan kam ba mai ja da ita. Inda ciwon yake, tun da ta gane ta fi kowa sanin kifi sai ta ɗauka ta fi kowa sanin komai. Ta gyara wa ungozoma aiki, ta gyara wa mai gyaran rediyo, har ladan ta taɓa aika wa cewa yana jan kiran salla fiye da kima.

Abin da ta fi ƙauna a duniya bayan 'ya'yanta, wata rana ma kafin su, ita ce farar a-kori-kurarta. Kafin motar nan, dillalai ke zuwa har ƙofar gida su ɗaga kifinta su yamutsa fuska su yanka farashin da suka ga dama. Da ta samu mota, duk Laraba da Asabar sai a loda kwanduna a nufi kasuwar Pare-Pare, ta zauna ta sayar da bakinta. Mijinta Rappe ke tuƙi. Shi tsohon mai liƙe jiragen katako ne, mutumin da in ya yi magana biyu a yini to ta ukun tari ce. In sun dawo sai a shigar da motar ƙarƙashin gida, tsakanin ginshiƙan da gidan ke tsaye a kansu, a jingine ta da buhunan gishiri don kada rana ta taɓa ta.

Tsatsa ta fara ne daga kusurwar baya, ɗan ja kamar an ɗiga miya. Rappe ya kai ta garejin Daeng Nompo da ke mararraba, aka goge, aka fesa. Bayan damina ɗaya tsatsar ta dawo. Aka sake kaiwa, ta sake dawowa, wannan karon har da ƙannenta a gindin ƙofofi. A na uku Indo Sakka ta ce Rappe ya yi sanyi da yawa, ita za ta je da kanta.

Ta tarar da garejin cike. 'Yan acaɓa na shan kofi a rumfar gefe, ga kuma Hajja Cenning tana jiran a sa wa babur ɗin ɗanta iska. Ita Hajja Cenning maƙwabciya ce, ita ma kifi take shanyawa, kuma shekara ashirin ke nan kowacce na gaya wa masu saye cewa na ɗayar yana sa ƙaiƙayi.

"Daeng," in ji Indo Sakka, "wai fenti kake shafa mini ko ruwan shinkafa?"

Daeng Nompo ya zagaya motar. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya jima, ya fito. Ya dangwali ƙarfen da yatsa ya sa a harshe.

"Indo, motar nan ta fi kifinki gishiri."

'Yan acaɓa suka ajiye kofuna. Shi kuwa ya shiga yi mata bayani a tsanake. Ya ce ruwan da ke tsiyaya daga kwandunan kifi shi ke cin ƙarfen, buhunan da take jingine motar da su kuma suna taya shi. Sau biyun can, ya ce, shafe-shafe kawai aka yi saboda an ce masa ana sauri. Aikin gaskiya sai an kankare har farin ƙarfe ya fito, inda ya ruɓe a yanke a yi walda, a shafa jan fentin nan na ƙasa ya bushe, sannan a fesa na sama. Bayan haka a shimfiɗa roba a bayan motar, kuma duk dawowa daga kasuwa a wanke ta da ruwan rijiya, har ƙarƙashi. Mako biyu motar za ta yi a wurinsa.

Duk wannan doguwar magana abu ɗaya Indo Sakka ta ji: an zagi kifinta a gaban Hajja Cenning. Ta ce wa Daeng Nompo shi da tsatsa abokan cin tuwo ne, in ta mutu da me zai ciyar da gida. Ta ce ita da ta hana nama ruɓewa shekara arba'in ba za ta kasa hana ƙarfe ba, ƙarfen da ko tsutsa ba ya yi. Da ta ga ana saurarenta sai bakin ya ƙara buɗewa, ta juya ta fuskanci rumfar kofi.

"Ku zama shaida. Ranar da ƙafata ta sake taka garejin nan, ni kuma zan tsaya a tsakiyar kasuwa in ci kifin Hajja Cenning, in ce ya fi nawa."

Hajja Cenning ta gyara mayafi ta ce ba komai, za ta keɓe mata mai kyau.

Indo Sakka da fenti ta fara. Akwai ragowar shuɗin fentin jirgi a gwangwani tun na zamanin da Rappe ke aiki. Ta ce tsatsa kamar gulma ce, in ka rufe ta ba ta samu iska ba sai ta mutu. Ta bi duk inda ya yi ja ta lafta, ba kankara ba gogewa. Farar mota ta koma kamar saniya mai roɗi-roɗi, amma ja dai ya ɓace, ta kwana tana yaba kanta. Bayan mako uku fentin ya fara tasowa ƙuraje-ƙuraje. Ka latsa ɗaya ya fashe, jan ruwa ya gangaro. Hajja Cenning ta tsaya daga nesa ta rufe hanci da mayafi, ta tambaya ko an kai motar rigakafin ƙyanda, don jikokinta na wasa a wurin.

Indo Sakka ta ce fentin ne ya tsufa. Sai ta tuna da wuƙaƙenta. Ai da tsamiya take goge su, su fito kamar sababbi. Ta sa aka jiƙa rabin buhun tsamiya a babban baho, ta ɗaure zani a ƙirji, ta ɗauki ɓawon kwakwa ta hau dirza. Wannan kam ya yi aiki, gaskiya ɗaya ce. Kafin la'asar tsatsa ta fita, fenti ya fita, ƙarfe ya fito fari tas yana ƙyalli. Ta aika aka kira mata unguwa. Ta tsaya a kan turmi tana nuna musu, tana cewa abin da Daeng Nompo ke ɓoye wa mutane ke nan, tsamiyar miya kawai. Wani tsoho ya tambaya ko ba za a shafa wani abu a kai ba. Ta ce ya taɓa ganin an yi wa wuƙa fenti?

Ta manta wuƙa a ɗakin girki take kwana. Mota kuwa ta kwana tana shan raɓar teku. Da gari ya waye duk inda ta goge ya yi jawur, kamar an barbaɗa garin barkono, ya ninka na da sau uku. Hajja Cenning ce farkon zuwa, da kofin shayinta a hannu.

"Barka, Indo Sakka. Ashe lalle aka sa wa amarya ba a gayyace mu ba."

Daga nan sai man kwakwa. Ta ce kuskuren da aka yi, Rappe bai tuna mata a shafa mai ba. Aka sake dirza, aka shafe motar da mai tun daga fitila har lamba. Kwana biyu kiyashi suka gano. Suka yi layi daga gindin mangwaro zuwa taya, daga taya zuwa kujera, daga kujera zuwa cikin wandon Rappe, a kan hanyar Pare-Pare, a daidai gadar da ba a tsayawa. Ranar ce mutanen garin suka fara jin muryarsa daga nesa. Awakin unguwa kuma suka mayar da motar wurin lasa. In an tashe ta sai su biyo ta a guje har bakin titi, mutane na tambaya ko Indo Sakka ta koma fataucin dabbobi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ita kuwa ta gangara bakin teku don ta huce, ta tarar an jawo jirage kan yashi ana musu gyara. Ta tsaya tana kallon wani da Rappe ya liƙe tun Sakka na goye, har yau yana fita kamun kifi. Sai abin ya faɗo mata, har ta ji tausayin sauran mutane da Allah bai ba su irin kanta ba. Ga abu shekara talatin a cikin ruwan gishiri tsundum, ko ɗigon tsatsa babu. Me ya tsare shi? Danƙo. An toshe duk wata kafa, ruwa bai samu hanya ba. Ta koma gida da sauri har tana tuntuɓe, ta tarar da Rappe yana ɗinkin koma, ta ce ya tashi, mota za a yi wa aikin jirgi.

"Jirgi katako ne," in ji Rappe.

"To katako ya fi ƙarfe ƙarfi ne?"

Ya duba wannan magana ta kowane gefe bai ga ta inda zai kama ta ba, sai ya tashi ya ɗauko rabin duro. Aka hura wuta a tsakar gida. Ya zuba ƙaron itace, ya zuba farar ƙasa da man kwakwa, yana juyawa da filafili, irin haɗin da ya gada daga ubansa. Wari ya cika unguwa. Indo Sakka da kanta ta kwanta rigingine ta shige ƙarƙashin mota, tsohuwa da ita, don ta ga ta inda maƙiyi ke shiga. Nan ta ga abin da ya sa ta yi kabbara. A gindin kowace ƙofa akwai 'yan ramuka a jere. A kusurwoyin baya akwai. A ƙarƙashin inda direba ke sa ƙafa akwai. Kuma ba tsatsa ce ta huda su ba, a gyare suke, da gangan aka yi su.

Ta fito da ƙasa a ka tana haki, ta sanar wa duk wanda ke wurin cewa ta kama ɓarayin. Masu ƙera mota sun haɗa baki da masu gareji, suna huda ta tun daga can don ruwa ya riƙa shiga, talaka ya riƙa kai gyara. Mata suka riƙe baki. Ta ce yau za ta toshe bakin kowa.

Rappe na tsaye da ludayin danƙo a hannu. Ya ce, da muryarsa ta kullum, wadda sai ka daina tauna kafin ka ji ta:

"Ko jirgi yana da toshiya a gindi. In an fito da shi ana cirewa ruwa ya tsiyaye."

"Rappe, miƙo danƙo."

Ya miƙa. Ta toshe ramukan ƙofofi, ta toshe na kusurwa, ta toshe na ƙarƙashin direba. A baya ta sa ya shimfiɗa allunan katako a kan ƙarfen, aka bi gefe-gefen da danƙo. Shi kuma da yake aikinsa ne, hannunsa bai iya ha'inci ba, ya liƙe ta liƙi irin na jirgin da za a je tsibirin Kalimantan da shi. Aka bi duk jikin da danƙo, aka ɗora shuɗin fenti sabo.

Damina ta sauka. Mako ɗaya, ba tsatsa. Wata ɗaya, ba tsatsa. Wata biyu, mota na sheƙi kamar kifi a rana. Indo Sakka ta daina tafiya irin ta mutane. In za su kasuwa sai ta sa Rappe ya rage gudu a mararraba, ta miƙa hannu ta danna ham da kanta, ta ɗaga wa garejin hannu. Mai keke mai ƙafa uku ya zo neman sirri, mai motar ƙanƙara ma ya zo. Ta ce su yi haƙuri, bayan damina za ta kafa rumfa daura da ta Daeng Nompo, har ta fara tunanin abin da za a rubuta a allo.

Abu ɗaya ne kawai. Motar ta fara wata 'yar ƙara. In an taka birki sai ka ji cakal, in an tashi ka ji cakal. Ruwan sama na bin gilashi yana gangarawa cikin ƙofa kamar yadda ya saba, sai dai yanzu in ya shiga ya samu gida. Ruwan kifi ma ya samu wata 'yar kafa ta wajen ƙusa yana shigewa ƙarƙashin katako, ya kwanta. Indo Sakka ba ta san wannan ba. Ta ce ƙarar ta lafiya ce, haka jirgi mai kyau ke yi. Da ƙofa ta yi nauyi har sai an sa hannu biyu, ta ce ai ƙarfen ne ya yi ƙiba tun da tsatsa ta daina cinsa.

Wata Asabar da suka rage gudu a mararraba, Daeng Nompo ya karkata kai ya saurara. Da yamma ya aiko matarsa da saƙo, cikin mutunci: a gaya wa Indo ta samu ƙusa ta huda gindin ƙofofin nan tun yau, ba sai ta zo gareji ba, ba kuma wanda zai ji. Indo Sakka ta ba matar kofi da soyayyiyar ayaba, ta ce ta gaya wa mijinta ya samu ƙusar ya huda kunnensa, ko ya ji labarin cewa zamaninsa ya wuce.

Ana haka aka sa ranar auren ɗan Hajja Cenning da 'yar wani shugaban makaranta a ƙauyen kan tudu. Kun san yadda ake yi: akwatin gora da aka saƙa, a cika shi da kwakwa da ayaba da rake da abarba, motar da ta ɗauke shi ita ce a gaba, ango da 'yan mata masu ɗauke da faifan kayan zaƙi na biye. Hajja Cenning ta riga ta yi magana da wata mota daga gari. Indo Sakka ta je har gida ta ce wannan cin fuska ne, ga mota a unguwa wadda ba irinta daga nan har birnin Makassar. Hajja Cenning ta dube ta ta dubi sama, ta ce to, tun da ita ta nema.

Ana jibi biki Indo Sakka ta ce a ƙara danƙo, na ado. Ta bi bakin ƙofofi ta lafta, ta bi gefen kujera inda roba ta tsage ta cike. Rappe ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Ranar biki aka wayi gari ba gajimare ko ɗaya. Bayan kwana tara ana ruwa, rana ta fito da fushinta. Aka ɗora akwatin gora. Aka sa Puang Imam, limamin garinmu, a gaba kusa da Rappe, da zanensa na siliki mai ruwan goro wanda ba ya fitowa sai ɗaurin aure. Indo Sakka ta ƙi shiga motar mata. Ta hau baya ta tsaya kusa da akwatin, da zanen siliki da awarwaron zinariya da laima ja, kamar mai jirgi za ta shiga tashar ruwa. Daeng Nompo ma an gayyace shi, yana kan babur a baya. Mutane sun lura ya bar tazara mai yawa.

Da aka fara hawan tudu duk ruwan da ke cikin motar ya koma baya, ta ɗaga hanci tana nishi. Rana ta gasa ƙarfe, ƙarfe ya dafa ruwan kifin wata biyu. Wari ya fara fita, ƙudaje suka taso daga ƙauyuka uku suka shiga ayari. A motar baya 'yan mata suka rufe faifai da mayafansu. Puang Imam ya leƙo ta taga ya tambayi Indo Sakka ko cikin kayan akwai wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ta ce iskar fadama ce, Puang, yanzu za a wuce ta. Ba a wuce ta ba, tare aka isa.

A ƙofar gidan amarya an shimfiɗa jan kafet tun daga titi har matakala. Makaɗa na kiɗa. Wata dattijuwa na saman matakala da kwanon shinkafa tana watsawa, tana kiran ango ya hau. Uban amarya na tsaye a gaba da farar kwat da takalmi mai sheƙi, yana jiran ya karɓi hannun Puang Imam, don shi zai fara sauka.

Puang Imam bai sauka ba. Ya tura ƙofa, danƙo ya narke ya riƙe ta. Ya yunƙura ya ƙara ƙarfi, sai ya ji shi ma an riƙe shi ta ƙasa. Ya zauna yana kallon gaba. Dattijuwa ta gama kiranta ta sake daga farko. Shinkafa ta kusa ƙarewa. Indo Sakka ta leƙo daga sama ta ce wa samarin gidan su ja mana, ƙofar mai ƙarfi ce ba irin ta motocinsu ba.

Mutum uku suka kama. Suka ja, suka ja, uban amarya ya matso don ya taimaka da shawara. Sai ƙofar ta zo, amma ba duka ba. Fatar waje ce ta ɓalle daga ƙasa kamar an buɗe gwangwanin kifi, domin daga ciki ba sauran ƙarfe, danƙo da fenti ne kawai ke riƙe da mutuncinta. Jan ruwa mai kauri ya kwararo, guga biyu ko fi, ya wanke takalmin shugaban makaranta, ya hau farin wando har gwiwa, ya bi jan kafet yana neman matakala. Kiɗa ya tsaya. Puang Imam ya yi bismilla ya fizge kansa ya fito, rabin zanen siliki ya zauna a kujera. Allah ya taimaka yana da dogon wando a ciki.

Nan ma da ta yi shiru da an ce tsautsayi. Amma Indo Sakka ta ga ido ɗari biyu a kanta, ta ga Hajja Cenning ta fito daga mota, ta ga Daeng Nompo yana kafe babur. Ta ɗaga laima ta fara jawabi. Ta ce ƙofa ɗaya ce, kuma tsohon aikin gareji ne ya ci ta tun da can. Ta ce a dubi inda ita ta yi aiki da hannunta, a dubi wannan dandamali da take tsaye a kai, giwa ma ta hau. Don kowa ya gani, ta ɗaga ƙafa ta buga.

Katakon ya sha ruwa wata biyu, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuwa ya zama garin barkono. Ta wuce kamar an jefa guga a rijiya. Hammata ce ta tare ta. Daga sama kai da kafaɗu da laima, daga ƙasa ƙafafu biyu na lilo kusa da taya, takalmi ɗaya ya faɗi. Akwatin gora ya karkata ya buɗe baki. Kwakwa arba'in suka sauka suka kama hanyar gangara, suka tarar da ayarin ango sun sauka daga motoci suna hawowa da ƙafa. 'Yan mata suka watse da faifai a ka, ango ya haye katanga da rawaninsa da wuƙar ado a ƙugu. Har yau a ƙauyen ƙasa akwai masu cewa ranar an yi ruwan kwakwa.

Ba wanda ya yi dariya da farko, saboda Puang Imam. Sai Puang Imam ya fara.

Daeng Nompo ya tako a hankali. Ya ciro ƙusa daga aljihu, wato tun daga gida ya taho da ita. Ya zagaya ɗaya ƙofar, ta wajen Rappe, ya durƙusa ya huda gindinta. Ruwa ya fara zuba tsiriri. Aka kawo wa liman wani zane, aka wanke ƙafar uban amarya, aka naɗe kafet, aka hau aka ɗaura aure aka shafa fatiha, ruwan nan bai gama zuba ba. Duk wannan lokaci Indo Sakka na cikin rami da laimarta, don ta ce ba namijin da zai ja ta. A ƙarshe Daeng Nompo ya zo da almakashin ƙarfe ya faɗaɗa ramin, mata huɗu suka ciro ta kamar ana zare kifi daga koma, Hajja Cenning ce riƙe da hannun dama.

"Kada ki damu, Indo," in ji Daeng Nompo yana goge almakashi. "Ƙafarki ba ta taka gareji ba. Garejin ne ya zo."

Da igiya aka jawo motar gida, a bayan motar ƙanƙara, ta mutumin nan da ya zo neman sirri.

To ga inda aka tsaya, kuma nan ne ku ke shigowa. Wata uku ke nan mota na gindin mangwaro, kaji na yin ƙwai a kujerar liman. Dillalai sun dawo ƙofar gida suna yamutsa fuska. Daeng Nompo ya ce injin lafiya lau, sauran kuma zai iya yankewa ya yi walda, ta ƙara shekara goma in za a riƙa wanke ta. Bai nemi a ba shi haƙuri ba. Ya ce dai wani daga gidan nan ya tako ya ce masa a yi.

Babanku ya ƙi zuwa. Wai motar ba tasa ba ce, kuma ya faɗi maganar toshiya. Ni kuma na ce sau ɗaya ya faɗa. Shekara arba'in da huɗu yana zaune da ni, ya san ba a taɓa gaya mini abu sau ɗaya na ji ba. Wanda ya san ramukan nan na fitar ruwa ne, ya kuma miƙo danƙo da hannunsa, ya liƙe har da gwaninta, ku gaya mini ba shi da kaso a ciki?

Na nemi a ɗauke ni a kujera a shiga da ni garejin, tun da ƙafa na ce. Puang Imam ya ce wannan wayo ne, kuma har yanzu bai manta zanensa ba. Hajja Cenning kuwa ta aiko da kifin tun makon biki, ga shi can rataye a baranda, duk Juma'a tana aiko da sabo wai kada in ce ya kwana.

Saboda haka ku uku ku yanke, yau, kafin a sauke shinkafa. Ko ku sa tsohon nan ya ɗauki hularsa ya tafi mararraba, ko ku ce uwarku ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ci kifin Hajja Cenning. Abin da kuka ce shi za a yi, ba zan sa baki ba. Sai dai duk wanda zai ce in ci, ya fara zuwa baranda ya gutsura ya ji irin gishirin da matar nan ke zubawa.